Gani ya kori ji, amma wane irin gani? Sharhi kan kalmar "emfirikal"

Ɗalibin da ya taɓa rubuta kundin kammala digiri a jami'o'in Nijeriya ya san kalmar, domin tana zaune a babi na biyu. Bayan sashen fayyace ma'anonin kalmomi da sashen ra'i (wato bayanin masana kan dalilin faruwar abu), sai a zo ga sashen da ake bitar binciken da wasu suka gudanar a baya, wanda ake yi wa laƙabi da kalmar Turanci empirical, a bakinmu emfirikal. A nan ne ake kwafsawa. Sai ka ga an cika sashen da ra'ayin farfesa wane da fashin baƙin dakta wane, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fita ya ƙirga wani abu, ko ya auna, ko ya yi wa wani tambaya. Ra'ayin masani yana da darajarsa, sai dai ba wannan ne mazauninsa ba.

Abin da kalmar ke nufi a taƙaice shi ne: hujjar da aka samo ta hanyar duba duniya kanta, da ido ko da kunne ko da na'urar awo, ba wadda aka ciro daga lissafi tsantsa ko daga maganar wani babba ba. Wato kalmar tana gaya maka inda aka ɗebo hujja. Ba ta gaya maka cewa hujjar ta inganta ba. Akasarin ruɗanin da ke tattare da ita daga mance wannan yake tasowa.

Asalinta Girkanci ne, daga empeiria, wato gogewa, ita kuma daga peira, wato jarraba abu. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) wasu likitoci a birnin Iskandariya na Masar, cikinsu har da Filinus mutumin tsibirin Kos, suka ɓalle daga 'yan'uwansu masu neman ɓoyayyun dalilan cuta. Suka ce ba ruwansu da abin da ba a gani. Likita ya tsaya kan abu uku: abin da ya gani da kansa, abin da amintattu suka ruwaito sun gani, da kuma kwatanta sabuwar cuta da wadda ta yi kama da ita. Su aka fara kira da wannan suna. Da kalmar ta shiga Turanci kuwa, ta daɗe tana zagi: wanda aka kira da ita a ƙarni na 16 da na 17, ana nufin mai tallar magani ne da bai yi karatu ba, mai cewa "na ba wane ya warke". Shi kansa Francis Bacon, wanda ake ɗauka uban wannan tafarki a Ingila, a 1620 ya kamanta masu tara abin da suka gani kawai da tururuwa, masu saƙa ra'i daga cikinsu da gizo-gizo, ya ce aikin ƙwarai na ƙudan zuma ne, mai ɗebowa daga furanni ya sarrafa.

Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne a wannan magana, ko da bai taɓa jin kalmar Turancin ba. Malaman tauhidi da ke bin littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, suna raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin hankali shi ne irin "ɗaya rabin biyu ne", ba ka buƙatar fita waje ka duba. Hukuncin al'ada kuwa shi ne ƙulla alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa: wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi. Masu ilimin manɗiƙi kuma suna da "mujarrabat", abubuwan da aka sani ta yawan jarrabawa, daga nan muka sami "mujarrabi" da ake faɗa wa magani ko laƙani. Wannan sharaɗi na "tana iya saɓawa" shi ne zuciyar batun. Duk ilimin da aka samo ta dubawa, dubawa ta gaba tana iya rushe shi, abin da ba zai taɓa faruwa da biyu da biyu huɗu ba.

Kuskure na farko da ake yi wajen fassara shi ne mayar da kalmar "gwaji". Gwaji reshe ɗaya ne kawai. Binciken da ya dogara da zahiri ya kasu biyu. Akwai wanda mai bincike ke sa hannu: shi ke zaɓar wa za a ba magani, wace gona za a zuba wa taki. Wannan shi ne gwaji. Akwai kuma wanda mai bincike ke tsayawa gefe yana lura da abin da ke faruwa da kansa, yana rubutawa. Masanin taurari bai taɓa matsar da tauraro ba, mai ƙidayar jama'a bai sa kowa haihuwa ba, amma aikinsu duka emfirikal ne.

Aikin likita John Snow kan cutar kwalara a Landan ya nuna ƙarfin lura tsantsa. An fi sanin labarin famfon titin Broad a 1854, inda kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwa ɗaya, amma ɓangaren da ya fi nauyi a ilimi shi ne na kamfanonin ruwa biyu. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa a kogin Thames can sama da birnin, inda ƙazantar gari ba ta kai ba, shi kuma Southwark and Vauxhall ya ci gaba da ɗiba daga ƙasa. Bututun kamfanonin biyu suna bin tituna ɗaya, gida wannan na shan na wancan kamfani, maƙwabcinsa na shan na ɗayan. Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa yana tambayar ruwan wa suke sha. A kowane gida 10,000 na Southwark and Vauxhall an sami mutuwa 315, a na Lambeth 37. Bai ba kowa ruwa ba, bai hana kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya gano rukuni biyu da suka yi kama a kusan komai, sai a abu ɗaya, sannan ya raba adadin mamata da adadin gidaje. Rabawar nan ita ce abin da yawancin masu cewa "na gani da idona" ba sa yi. Mutum goma sun sha magani sun warke, to daga cikin nawa? Waɗanda ba su sha ba fa, nawa ne suka warke?

Ignaz Semmelweis a babban asibitin Viyana ya fara da lura ya ƙare da sa hannu. Ɗakunan haihuwa biyu ne: na farko likitoci da ɗalibansu ke aiki, na biyu ungozomomi. Mutuwar masu jego daga zazzaɓin bayan haihuwa a na farko tana kai kashi 10 cikin 100, a na biyu kusan kashi 4. Ya bi bambance-bambancen ɗaya bayan ɗaya, har yanayin kwanciyar mai naƙuda, bai sami komai ba, sai da abokin aikinsa Kolletschka ya rasu a 1847 bayan wuƙar fiɗar gawa ta yanke shi, da alamomi irin na matan. Ɗaliban suna fitowa daga ɗakin gawa su wuce ɗakin haihuwa, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. A tsakiyar watan Mayu ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. Mutuwar da ta kai kashi 18 cikin 100 a Afrilu ta sauko zuwa kusan kashi 2 a Yuni. Duk da haka manyan likitocin zamanin sun yi watsi da shi, wani ɓangare saboda ba shi da bayanin yadda abin ke aiki, tunda ba a tabbatar da batun ƙwayoyin cuta ba tukuna. Yana da sakamako, ba shi da ra'i. Wannan wata ma'ana ce da kalmar ke ɗauka har yau: abin da aka ga yana aiki, ba a san dalili ba.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa sai da alƙaluma. Mai nazarin harshe da ya ɗauki muryar 'yan kasuwa yana sauraron yadda suke furta wasali, mai nazarin al'ada da ya zauna wata shida a ƙauye yana rubuta yadda ake raba gado, mai tarihi da ke karanta takardun kotun alƙali na shekarun 1930, duk suna aiki da abin da ke akwai a zahiri. Akasin haka kuma, takarda na iya cika da lambobi ba ta taɓa ƙasa ba, idan lambobin daga ƙirar lissafi suka fito a kwamfuta. Tambayar da za a yi wa kowace takarda ita ce: daga wa aka ɗebi bayanin, su nawa ne, yaushe, a ina, da wane ma'auni? Wadda ba ta da amsar waɗannan ba ta shiga sashen nan na babi na biyu.

Kuskure na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne ɗaukar kalmar a matsayin hatimin gaskiya. Ga wuraren da ake tuntuɓe.

Na farko, ma'aunin. Kafin a ƙirga abu sai an yanke me ake ƙirgawa. "Zazzaɓi" a bakin uwa yana nufin jikin yaro ya yi zafi. A binciken maleriya ana yawan ɗaukar maki 37.5 na ma'aunin Salshiyas a hamata a matsayin iyaka. Bincike biyu a gari ɗaya, ɗaya ya tambayi iyaye, ɗaya ya sa ma'aunin zafi, za su ba da adadi daban, kuma kowanne na zahiri ne. Hatta awon ɗakin gwaje-gwaje yana ɗauke da zato a cikinsa. Mai duba jini a madubin ƙara girma yana ƙirga ƙwayoyin maleriya daura da fararen ƙwayoyin jini 200, sannan ya ninka bisa zaton cewa akwai farare 8,000 a kowace maikirolita. Idan ya ga ƙwayoyi 50, zai rubuta 2,000. Amma yaron da fararen ƙwayoyinsa 4,000 ne, an ninka masa adadin sau biyu ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Na biyu, waɗanda aka ɗiba. Yawan mutane yana rage kuskuren da ke zuwa daga sa'a: idan an zaɓo su ta ƙuri'a, mutum 100 na ba da tazarar kuskure ta kusan maki 10 sama ko ƙasa, 400 kusan maki 5, 1,000 kusan maki 3. Daga wannan lissafi ne 384 ɗin da ɗalibai ke yawan rubutawa a matsayin adadin mutanen da za su ɗiba ta fito. Sai dai lissafin yana aiki ne kawai idan kowa na da damar a zaɓe shi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga littafin masu tarho da masu mota aka fi ɗebo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ɗauki nauyin mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. Ɗalibin da ya raba takardar tambayoyi 384 ga abokansa na WhatsApp ya maimaita wannan kuskure, yawan takardun ba zai gyara masa komai ba.

Na uku, ɗan rakiya, wato wani abu na uku da ke tafiya tare da abin da ake dubawa. Nan ne lura ke kasawa a gaban gwaji. Shekaru da dama binciken lura a Amurka, har da babban binciken da ya bi dubban ma'aikatan jinya, ya nuna cewa matan da ke shan ƙwayoyin homon (sinadaran jikin mace) bayan ɗaukewar haila ba sa yawan kamuwa da ciwon zuciya. Da aka yi gwaji a kan mata sama da 16,000, ƙuri'a ta raba wa za ta sha maganin wa za ta sha ƙwayar da ba komai a ciki, sai aka dakatar da shi a 2002 tun kafin lokacinsa, domin cutarwar ta rinjayi amfanin, ciwon zuciyar ma bai ragu ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan saɓanin shi ne matan da suka zaɓi shan maganin da kansu dama sun fi wadata, sun fi zuwa asibiti, sun fi kula da jikinsu. Amfanin ƙuri'a ke nan: tana raba 'yan rakiya, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba, daidai tsakanin rukunonin biyu.

Kada wannan ya sa a raina lura. Ba wanda zai jefa ƙuri'a ya tilasta wa rabin jama'a shan taba shekara 30. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill sun kwatanta maza 649 masu sankarar huhu da wasu 649 masu wasu cututtuka: a rukunin farko mutum 2 kacal ne ba sa shan taba, a na biyu 27. Babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yi gardamar cewa wataƙila gado ne ke jawo son taba da kuma cutar. Abin da ya kashe gardamar ba bincike ɗaya ba ne. Daga 1951 Doll da Hill sun bi likitocin Birtaniya maza sama da 34,000 shekara da shekaru, aka ga haɗarin yana hawa gwargwadon yawan karan da mutum ke sha, yana sauka ga wanda ya daina, kuma ƙasashe daban-daban suka ba da amsa iri ɗaya. Lura tana kai wa ga yanke hukunci idan bambancin babba ne, ya maimaitu, kuma an bi sauran bayanai an kore su.

A ƙasar Hausa an taɓa yin aikin da ya haɗa dukkan waɗannan. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan maleriya a gundumar Garki, a jihar Kano ta lokacin, Jigawa a yau. An fara da lura zalla: ɗibar jinin mutanen wasu ƙauyuka lokaci-lokaci, kama sauro da dare, ƙirga haihuwa da mutuwa, rani da damina, ba tare da an canza komai ba. Sai a daminar 1972 da ta 1973 aka sa hannu: wasu ƙauyuka aka fesa wa ɗakunansu maganin sauro mai suna propoxur, wasu aka haɗa musu da rabon magani ga kowa da kowa, wasu aka bar su don kwatance. A gefe guda kuma an gina ƙirar lissafi ta yaɗuwar cutar, ana auna hasashenta da abin da aka gani. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar a jini ya ragu da kusan kashi 25 kawai. Cizo ya yi yawa tun farko ta yadda ragowar kashi 10 ɗin ya isa ya ci gaba da harbar kusan kowa, sannan wani ɓangare na sauron a waje yake hutawa, ba ya sauka kan bangon da aka fesa. Rabon magani ya sauke adadin ƙasa ƙwarai, amma bai yanke yaɗuwar ba, da aka daina kuma cutar ta dawo. Da ba a yi lurar farko ba, da ba a san da me za a kwatanta ba. Da kuma sauro kaɗai aka ƙirga, da an yi shelar nasara.

A wasu fannoni kalmar ta zama ta sana'a, da ma'anar da ta kauce kaɗan. A asibiti, idan aka ce an ba da magani "emfirikal", ana nufin an fara shi kafin sakamakon gwaji ya fito, bisa abin da aka saba gani. Yaron da aka kawo da alamun sanƙarau ba a jiran a reni ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje don a gane ta, wanda kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, ana fara masa allurar da ke kashe ƙwayoyin da aka fi zargi, in sakamako ya fito a gyara. A nan kalmar ta kusa zama kishiyar "an gwada". Irin wannan ne aka daɗe ana yi wa kowane zazzaɓi a matsayin maleriya, har 2010 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da magani, domin ana ɓarnar ƙwayoyi a kan waɗanda wata cuta ce daban ke damunsu. Mai fassara da ya rubuta "maganin da bincike ya tabbatar" a wannan gurbi ya juya maganar gaba ɗaya.

A ilimin sinadarai kuwa, ana faɗin kalmar ga tsarin da awo kaɗai ya bayar. Ka ƙona sukarin gulukos ka auna, za ka sami kabon kashi 40, haidirojin 6.7, iskar oksijin 53.3. Ka raba kowanne da nauyin ƙwayar zarrarsa, wato 12 da 1 da 16, sai ka sami 3.3 da 6.7 da 3.3, ma'ana 1:2:1, wato CH2O. Awon daidai ne, amma sinadarin fomalin da ake adana gawa da shi, da tsamin da ke cikin binega, duk amsar da suke bayarwa ke nan. Sai an samo nauyin ƙwayar gaba ɗaya, 180, sannan a san gulukos C6H12O6 ne.

Saboda haka kalma ɗaya ba za ta wadatar a Hausa ba, kuma ba aibi ba ne. Ga bincike gaba ɗaya, "binciken zahiri" ko "binciken da ya dogara da abin da aka gani aka auna" ya fi dacewa. "Binciken gani da ido" yana da daɗin faɗa, amma 'yan jarida sun riga sun mallake shi ga wakilin da ya je wurin da abu ya faru, kuma yana ware duk abin da na'ura ce kaɗai ke ganinsa. "Gwaji" a bar wa binciken da aka sa hannu, "lura" ko "sa ido" ga wanda aka tsaya gefe. Ga hujja, "hujja ta zahiri". A bakin likita, "maganin wucin gadi kafin fitowar sakamako". Idan kuma wani ya ce tambaya emfirikal ce, nufinsa ba gardama ce za ta warware ta ba, sai an je an duba. Ko takin zamani ya fi na gargajiya yawan amfani a jigawa, tambaya ce irin wannan: a yanka gona fegi-fegi, a jefa ƙuri'a, a maimaita aƙalla sau uku ko huɗu, a auna hatsin bayan ya bushe. Ko ya dace gwamnati ta ɗauki kuɗin asibiti ta saka a tallafin takin, wannan awo zai iya ba da rabin amsa kawai, ragowar sai an zauna an yi shawara kan abin da jama'a suka fi so.